Laƙabi, lamba da wasa da kalma: abin da fassarar anime take ɓoye mana

Bakatsine:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina da tambaya ga waɗanda suka fi ni sanin al'adun Japanawa. A yawancin anime (fina-finan zane na Japan) na 'yan makaranta akan nuna yaro ya kira yarinya da sunanta, sai ajin ya yi tsit, ita ta sunkuyar da kai, abokai su fara zolaya kamar an kama su da wani babban laifi. A rubutun fassara na Turanci kuwa ba a ganin komai illa suna kawai. Mene ne abin kunya a kiran mutum da sunan da iyayensa suka raɗa masa? Sannan waɗannan 'yan kalmomi da ake maƙalawa a bayan suna, irin su san da kun da chan, me ya sa wasu masu fassara suke barin su, wasu kuma su share?

Malam Ɗanjuma:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Abin da ka gani yana da tushe a yadda Japanawa suke amfani da suna. Kowane mutum yana da sunan dangi da kuma sunansa na kansa, kuma na dangin ne yake zuwa a gaba. Tun daga ranar 1 ga Janairun 2020 ma gwamnatin Japan take bin wannan tsari a takardun hukuma ko da da baƙaƙen boko aka rubuta sunan. A makaranta da wurin aiki da sunan dangi ake kiran mutum, a ɗora masa san. Sunansa na kansa kuwa na iyaye ne da 'yan uwa da abokan da aka tashi tare tun ƙuruciya, sai kuma wanda soyayya ta haɗa su.

A ce ga wata yarinya mai suna Tanaka Yuki. Ɗan ajinsu zai fara da Tanaka-san, idan sabo ya yi nisa ya koma Yuki-san ko Yuki-chan, ranar da ya ce Yuki tsurarsa kuwa, bai jingina masa komai ba, to ya shaida wa duk wanda ke wurin cewa abin da ke tsakaninsu ya wuce zaman aji ɗaya. Wannan kira na tsura yobisute suke ce masa, kuma idan wanda bai kai ba ya yi shi, raini ne ƙarara. Shi ya sa marubuci zai iya cinye kashi guda na shiri a kan yaro yana neman izinin kiran yarinya da sunanta, masu kallo a Japan kuma su ji an yi babban ci gaba a labarin.

Kun galibi na samari ne da na ƙasa da kai a wurin aiki, chan na yara da 'yan mata da duk wanda ake ji da shi, sama na abokin ciniki da manya da abin bauta. Sensei bai tsaya ga malamin makaranta ba, da shi ake kiran likita da lauya har da mai zana manga, wato littattafan labari na zane. Senpai shi ne wanda ya riga ka shiga makaranta ko aiki, ko da shekara ɗaya ce. Akwai ƙa'idoji biyu da baƙo yake yawan karyawa: mutum ba ya sa wa sunansa san, kuma ma'aikaci idan yana magana da mutumin waje ba ya sa wa sunan shugabansa san, domin a wannan lokacin shugaban ɗan gida ne, ɗan gida kuwa ba a ɗaukaka shi a gaban baƙo.

Yaya Larai:
Malam, Allah ya ƙara basira. Ni a ganina Bahaushe ya fi Bature saurin gane wannan, domin mun tashi mun tarar da iyayenmu mata ba sa ambatar sunan maigida, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, kuma duk wanda aka sa wa sunan kakansa sai an nemo masa laƙabi. Alkunya ce iri ɗaya, illa kawai su sun ɗora ta a kan 'yan kalmomin da ake maƙalawa. Da Hausa za a fassara waɗannan shirye-shirye, muna da Yaya da Malam da ranka ya daɗe da kuma "ku" ta girmamawa, duk abubuwan da Turanci ya rasa.

Amma akwai inda mu ma za mu maƙale. A fim ɗin Kimi no Na wa na Shinkai Makoto, wanda ya fito a 2016, yarinyar ƙauye Mitsuha ta farka a jikin wani saurayi ɗan Tokyo mai suna Taki. Ga ta zaune da abokansa biyu a saman benen makaranta lokacin cin abincin rana, za ta ce "ni", sai ta ce watashi. Abokan suka kalle ta. Ta gyara ta ce watakushi, wadda ta fi ta farko ladabi, abin ya ƙara ɓaci. Ta ce boku, suka yamutsa fuska. Da ta ce ore sai suka gyaɗa kai, hira ta ci gaba. Kalmomin nan huɗu duk "ni" suke nufi, sai dai kowace tana faɗin jinsin mai magana da shekarunsa da yadda yake ɗaukar kansa: ore ta samari ce masu ji da kai, boku ta yaro mai laushi ce, tsofaffin cikin anime kuma washi suke cewa. Mu Hausa a "kai" da "ke" muke bambanta namiji da mace, "ni" ɗinmu guda ce, saboda haka wannan barkwanci ba zai tsallako zuwa harshenmu cikin sauƙi ba.

Ɗan Damagaram:
Gaisuwa ga kowa. Ni ina da ra'ayi daban, kuma zan kawo misali daga fassarar Faransanci wadda mutanenmu na Nijar da dama suka kalla. Captain Tsubasa mu da Olive et Tom muka san shi, City Hunter kuma Nicky Larson, sunayen da aka raɗa musu a Faransa a zamanin shirin yara na Club Dorothée, wanda tashar TF1 ta riƙa nunawa daga 1987 zuwa 1997. Masu ɗora muryar ba su bar ko san ɗaya ba. A Nicky Larson, duk inda jarumin ya gayyaci mace zuwa otal, sai su ce gidan abincin masu cin ganye zalla ya gayyace ta. A Ken le Survivant kuwa, da suka ga zubar da jinin ya yi yawa, sai suka cika shi da nasu wasan kalma, suka mai da sunan makarantar yaƙi ta Hokuto abin dariya ta hanyar haɗa shi da wuƙar kicin, saboda kamancin lafazin kalmomin biyu a Faransanci. Duk da haka yara sun so shirye-shiryen, kuma da an cika musu allo da bayanin senpai da sun tashi sun tafi ƙwallo. Aikin mai fassara shi ne ya sa ka ji abin da ɗan ƙasa ya ji, kuma ɗan Japan ba ya karanta sharhi yayin da yake kallo.

Abu Sadiq:
Abin da Ɗan Damagaram ya faɗa haka yake ga Hausawan da suka tashi a Sudan da Saudiyya. A Larabci Tsubasa ya zama Kyaftin Majid, abokin hamayyarsa Hyuga ya zama Bassam, mai tsaron gida Wakabayashi ya zama Walid, Misaki kuma Yasin. Yara da yawa sun girma suna zaton Balarabe ne. Sai dai an yi asarar wani abu: cikakken sunansa Ozora Tsubasa, ma'anarsa babban sarari da fiffike, wato Takahashi Yoichi, wanda ya fara zana shi a 1981, ya faɗa maka makomar yaron tun daga sunansa.

Malam Ɗanjuma:
Tunda an shigo maganar suna, a nan ne wasa da kalma ya fi yawa, kuma babu wanda ya kai marigayi Toriyama Akira, wanda ya fara Dragon Ball a mujallar Shonen Jump a 1984 ya kuma rasu a watan Maris na 2024. Kayan lambu da Japananci yasai ne. Ya juya gaɓoɓin ya samu Saiya, sunan ƙabilar mayaƙan nan. Daga nan kowane ɗan ƙabilar ya zama kayan miya: Kakarot, wato Goku jarumin labarin, daga karas, Nappa daga ganye irin na kabeji, Vegeta kuwa daga kalmar Turanci ta kayan lambun gaba ɗaya, tunda shi ne yarima. Gohan, sunan ɗan Goku, dafaffiyar shinkafa ce, kuma da ita suke nufin abinci baki ɗaya. Rundunar Ginyu kayan nono ce: shugaban daga gyunyu, wato madara, sauran kuma man shanu da cuku da kindirmo da kirim, an ɗan hargitsa baƙaƙen. Ubangidansu Frieza kuwa firiza ce, wurin da ake ajiye su duka. Mai kallo a Japan yana ganin mugun sarkin da ya hallaka duniyoyi, a lokaci guda kuma yana jin ana maganar abin da ke cikin kicin ɗin gidansu.

A One Piece 'ya'yan gidan Vinsmoke ƙirga ce kawai: Reiju sifiri, Ichiji ɗaya, Niji biyu, Sanji uku, Yonji huɗu. A Naruto, uzumaki na nufin kewayar ruwa, kuma akwai mashigin teku mai suna Naruto tsakanin tsibirin Awaji da Shikoku wanda ya yi suna wajen irin wannan kewaya. Yankakken kifin nan fari mai jan zane a murɗe da ake ɗorawa a kan taliyar ramen daga can ya samo sunansa narutomaki, ga shi kuma yaron ba shi da abinci sai ramen. Jiraiya da Tsunade da Orochimaru, manyan mayaƙa uku na labarin Naruto, kuwa an aro su ne daga wani tsohon labari da aka fara bugawa a 1839, inda ɗaya yake da sihirin kwaɗo, ɗaya na dodon koɗi marar ƙoƙo, ɗaya na maciji. A wani tsohon wasan hannu nasu maciji yana cin kwaɗo, kwaɗo yana cin dodon koɗi, dodon koɗi kuma yana rinjayar maciji, don haka duk Bajapanen da ya ga waɗannan ukun ya riga ya san an gina su ne a kan babu wanda zai gama da sauran shi kaɗai.

Injiniya Bala:
Malam, bayanin ya yi daɗi a karanta a nan, amma tambayata ita ce ko ya dace a sa shi a kan allo. Duk wanda ya kalli fassarar sa-kai ta masoya a shekarun 2000 ya san yadda abin ya wuce gona da iri, har rabin hoto ya rufe da bayani sai ka tsayar da fim ka karanta. Daga nan aka samu sanannen barkwancin nan na Death Note, inda aka bar kalmar keikaku yadda take, sannan aka rubuta a sama cewa ma'anarta shiri. Idan ma'anarta shiri, me ya hana a rubuta shiri tun farko? Wannan nuna sani ne kawai.

Yaya Larai:
Injiniya, gaskiyarka a kan keikaku, amma ɗaya ɓangaren ma yana da nasa abin kunyar. Lokacin da kamfanin 4Kids ya ɗora wa Pokémon muryar Turanci a Amurka, an nuna Takeshi, wanda suka mai da Brock, riƙe da onigiri, wato curin shinkafa mai kusurwa uku da baƙin ganyen teku a gindinsa, yana cewa babu abin da ya kai donot daɗi. Yaro yana kallon farar shinkafa da idonsa, kunnensa yana jin donot. Wannan raina hankalin mai kallo ne, kamar a ce ba zai iya ɗaukar cewa akwai mutanen da suke yin guzuri da shinkafa ba. Shi kansa sunan Pikachu da aka bari bai hana kowa son sa ba, alhali sautuka biyu ne na Japananci: pika na walƙiya, chu na kukan ɓera.

Malam Ɗanjuma:
Matsayina a tsakaninku shi ne a duba abin da kalmar take ɗauke da shi. Idan dariya ce kawai ake nema, mai fassara ya ƙirƙiri tasa. Suna da irin barkwancin da suke kira dajare, kamar futon ga futtonda, wato katifa ta tashi sama, wanda daɗinsa duka a maimaita sauti yake, kuma su kansu suna ɗaukarsa barkwancin dattawa marar gishiri. Babu amfanin yi wa wannan sharhi, a kawo wani marar gishirin daga harshen da ake fassarawa, an gama. Amma idan kalmar ita ce take auna nisan da ke tsakanin mutum biyu, ko labarin zai dawo ya tsaya a kanta nan gaba, share ta daidai yake da yanke wani yanki na fim ɗin. San da senpai suna cikin wannan rukuni, kuma mai kallo yana koyonsu cikin kashi biyu ko uku ba tare da an yi masa lacca ba.

Lambobi ma haka. Kowace lamba tana da lafazi fiye da ɗaya, shi ya sa suke iya karanta jerin lambobi kamar kalma, abin da suke kira goroawase. Huɗu ana iya karanta ta shi, lafazi ɗaya da mutuwa, tara kuma ku, lafazi ɗaya da wahala, don haka asibitoci da otal da dama suke tsallake ɗaki mai lamba 4. Shekara 42 ga namiji ita ce mafi munin shekarun da suke ɗauka na rashin sa'a, ga shi kuma ana iya karanta ta shini, zuwa ga mutuwa. Ga mace kuwa 33 ce. Idan marubucin labarin ban tsoro ya sa agogo ya tsaya a 4:44, bai zaɓi lokacin da ka ba. Ta fuskar raha kuma, 39 ana karanta ta san-kyu, wato godiya da Turanci a bakin Bajapane, ana kuma karanta ta mi-ku, shi ya sa lambar take bin mawaƙiyar kwamfuta Hatsune Miku ko'ina. Ranar 9 ga Mayu ranar Goku ce, saboda biyar go ce tara kuma ku, ranar 29 ga wata kuwa masu gidajen abinci sukan yi rangwamen nama, domin ni-ku nama ne.

Ummu Hanif:
Malam, ko wannan ne dalilin da ake ba ɗalibi Kit Kat idan jarrabawa ta gabato? Na sha ganin haka, da kuma uwa tana dafa wa ɗanta wani soyayyen nama a kan shinkafa daren jarrabawa.

Malam Ɗanjuma:
Shi ne, Hajiya. Su kitto katto suke furta sunan, ya yi kusa da kitto katsu, lalle za ka yi nasara, kuma jarrabawar shiga jami'a a Janairu da Fabrairu ake yi, gabanin sabuwar shekarar karatu da ke farawa a Afrilu. Kamfanin ya lura da al'adar har ya riƙa barin fili a bayan kwali don a rubuta fatan alheri. Abincin kuwa katsudon ne, katsu ɗin da ke cikinsa yankan nama ne, amma lafazinsa ɗaya da yin nasara. Kwabon yen 5 mai huda a tsakiya ma haka: go-en yana nufin yen biyar, yana kuma nufin alaƙa ta alheri, shi ya sa shi suke jefawa a akwatin wuraren bautarsu, kuma shi ya sa Yato na Noragami yake karɓar yen 5 kacal a ladan kowane aiki. Wanda bai san wannan ba zai ɗauka talauci ne kawai ya sa shi karya farashi.

Abu Sadiq:
Akwai kuma waɗanda ba a furta su ma, a hoto suke, mai fassara ba shi da inda zai sa hannu. Idan baƙo ya soke tsinkayen cin abinci a tsaye cikin kwanon shinkafa sai ka ga mutanen gida sun firgita, domin haka ake ajiye wa mamaci shinkafa. Miƙa abinci daga tsinke zuwa tsinke ya fi wannan muni, saboda kusan kowa a Japan ƙona gawarsa ake yi, bayan an ƙona kuma dangi sukan tsince ƙasusuwan da dogayen tsinkaye su zuba a tulu, kuma nan ne kaɗai mutum biyu suke kama abu ɗaya da tsinke. Haka rigar kimono: mai rai ɓangaren hagu yake ɗorawa a kan na dama, gawa ce ake yi wa akasin haka, don haka idan aka zana mace da farar riga an juya ɗaurin, mai kallo ɗan ƙasa ya riga ya san fatalwa ce tun kafin ta yi magana. Atishawa ba tare da mura ba kuwa alama ce ta ana maganarka a wani wuri, shi ya sa ake yanke hoto daga masu gulma zuwa wanda ake gulmar yana atishawa.

Injiniya Bala:
Na yarda da rabon da Malam ya yi, amma ina ganin akwai rukuni na uku da bai shiga ko ɗaya ba, wato karin harshe. Hattori Heiji na Detective Conan da karin Osaka yake magana, kuma Japanawa suna danganta wannan kari da barkwanci da ciniki da faɗin magana ba ɓoye-ɓoye. Osaka ce cibiyar wasan manzai, inda mutum biyu suke tsayawa, boke yana sakin shirme, tsukkomi yana gyara masa da tsawa, wani lokaci har ya maka masa mafici na takarda a ka. Kamfanin Yoshimoto da ya fi kowa tara irin waɗannan 'yan wasa a can aka kafa shi a 1912. Rabin faɗan da muke gani tsakanin abokai a anime, inda ɗaya ya yi wauta ɗayan ya daka masa tsawa, wannan tsari ne aka kwaso. Masu fassarar Amurka sukan ba mutumin Osaka karin kudancin ƙasarsu, wanda a wurinsu yake nuna ƙauyanci, alhali Osaka babban birnin kasuwanci ne.

Ɗan Damagaram:
To ai mu wannan ba zai ba mu wahala ba. A ba mutumin Tokyo daidaitacciyar Hausa irin ta rediyo, a ba Heiji Sakkwatanci ko Damagaranci, mai sauraro zai ji bambancin nan take ba tare da an rubuta masa ko layi ɗaya ba.

Yaya Larai:
Zai ji bambanci, amma ba lalle ya ji wanda ake nufi ba, domin kowane kari yana tafe da abin da mutane suka ɗora masa, kuma abin da Bakano yake ji idan Basakkwace ya buɗe baki daban ne da abin da ɗan Tokyo yake ji game da ɗan Osaka. A labarin Conan ma karin ba ado ba ne kawai: lokacin da Conan, jarumin da yake ɓoye ainihin ko wane ne shi, ya ari muryar Heiji da na'urar da ke wuyansa mai sauya murya, sai ya kwaikwayi karin Osaka, kuma rashin iyawarsa ne ya sa Heiji ya ƙara tabbatar da ko wane ne shi. Duk karin da mai fassara zai zaɓa, dole ya zama wanda za a iya jin an kwaikwaye shi ba daidai ba.